Yadda Ake Saita Na'urar Sarrafa Sautin Kewaye a Sitidiyo

Wannan na'ura ce ke rarraba sauti ga lasifikokin sitidiyo, tana daidaita ƙarfinsu. A tsarin 5.1 mai lasifika biyar da ta shida ta amo mai kauri, ƙa'idar ITU-R BS.775 ta tanadi a ajiye ta tsakiya daidai gaban injiniya, ta hagu da ta dama a digiri 30, na baya biyu tsakanin digiri 100 zuwa 120.

Daga nan ake sakin sautin gwaji ɗaya bayan ɗaya, ana aunawa har ƙarfin lasifikoki biyar ɗin ya zo ɗaya, a jinkirta sautin wadda ta fi kusa. Tashar amo mai kauri ana ƙara mata desibel 10.

Idan aka yi sakaci, kiɗa na iya danne maganar 'yan wasa a gidan mai kallo.