Asalin Sunan McCarthy

Ailan tsibiri ce da ke yamma da Ingila. Mutanenta suna cikin na farko a ƙasashen Turai da suka fara gadon suna. A harshensu Mac shi ne ɗa, O kuwa jika. Saboda haka McCarthy ma'anarsa ɗan Carthach, kamar yadda Hausawa ke cewa Ɗan Fodiyo ko Ɗantata. Da fari sunan mutum ɗaya ne, sa'an nan jikoki suka riƙe shi, har ya zama na dangi duka.

Shi Carthach sarki ne a Cashel, cikin kudancin tsibirin, ya rasu a 1045. Ma'anar sunansa mai ƙauna. Jikokinsa biyu, Tadhg da Cormac, su suka ɗaukaka gidan. A 1118 aka raba lardin Munster biyu, kudu ta zama ƙasar Desmond, Tadhg ya zama sarkinta na fari. Cormac kuwa ya gina ɗakin ibada na dutse a bisa tsaunin Cashel, aka buɗe shi a 1134, har wa yau yana tsaye.

Sarautar Desmond ta zauna a gidan nan kusan shekara 500. Amma Ingilishi suka yi ta cin ƙasar kaɗan kaɗan. Da Donal, sarkinsu na ƙarshe, ya rasu a 1596, sarauta ta faɗi. Bayan yaƙin da aka gama a 1691 aka ƙwace gonakin manyansu, da yawa suka yi ƙaura zuwa Faransa. Gadon sarauta ya tafi, ƙasa ta tafi, suna kaɗai ya rage musu.

To, sunan nan ya iso Afirka ta Yamma sau biyu, kowane da irin tasa hanya. Na fari soja ne, Charles MacCarthy, gwamnan Saliyo. Abin mamaki, ba daga ubansa ya gaji sunan ba, na dangin uwarsa ya ɗauka. Ya fita yaƙi da Asante a 1824, aka ci rundunarsa, shi ma aka kashe shi. An sa wa wani tsibiri a kogin Gambiya sunansa, amma daga baya mutanen ƙasar suka mayar wa garin da ke kansa sunansa na Janjanbure.

Na biyu bai zo da bindiga ba. John McCarthy limamin Katolika ne daga Ailan. A 1943 aka ba shi shugabancin mishan na Kaduna, a 1959 ya zama Akbishop na farko a garin. A zamaninsa aka buɗe kwalejin St. John a arewacin kogin Kaduna, watau wadda ake kira Kwalejin Rimi yanzu. A 1975 Peter Jatau, ɗan ƙasa, ya gaje shi.

Yanzu Hausawa ma sun shiga riƙon sunan gida, saboda rajistar makaranta da takardun gwamnati suna bukatarsa. Wani ya ɗauki sunan ubansa, wani na garinsu, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari. Ya kamata mai rubuta wa ɗansa suna a rajista ya natsu, ya zaɓa da kyau, ya kuma gaya masa wane ne mai sunan na asali. Carthach ya yi kusan shekara 1,000 a kabari, ga shi har yanzu ana ambatonsa a Kaduna.