Ƙofar da Aka Kulle a Hawa na Tara

Ranar Asabar, 25 ga Maris, 1911, ana dab da tashi daga aiki, wuta ta kama a wata masana'antar ɗinka rigunan mata mai suna Triangle a birnin New York na Amurka. Mutum 146 suka rasu, mata 123, maza 23. Yawancinsu 'yan ci-rani ne, Yahudawa daga gabashin Turai da 'yan Italiya, har da 'yan shekara 14.

Sana'ata ɗinki, shi ya sa labarin nan yake taɓa ni fiye da yadda zai taɓa wani. Duk wanda ya riƙe almakashi ya san abin da ke taruwa a ƙarƙashin teburin yanka: ƙyallaye, zare, ƙurar auduga. A Triangle an bar wannan tarkace ya taru na tsawon makonni a cikin akwatunan katako, ga takardun fasalin riga rataye a saman tebura, ga man keke ya jiƙa daɓe. A cikin ɗaya daga akwatunan nan, a hawa na takwas, wutar ta fara, ana zaton daga ashana ko guntun taba. Ma'aikata suka watsa ruwa da bokitai, bai yi ba. Suka jawo tiyon kashe gobara, babu ruwa a ciki.

Masana'antar tana hawa uku na saman benen, na takwas da na tara da na goma. An buga tarho zuwa na goma, inda ofis yake, masu kamfanin, Max Blanck da Isaac Harris, suka haura kan rufi suka tsira. 'Yan hawa na tara ba wanda ya gaya musu. Sai da hayaƙi da harshen wuta suka iso, sannan suka sani.

A wannan hawa ne zuciyata take tsayawa. Kekuna a jere cikin dogayen layuka, kujera na gogar kujera, mace ba ta iya fita sai ta bi layin har ƙarshe. Matakala biyu ne ke sauka ƙasa. Ta gefen titin Greene, inda mai gadi ke duba jakar kowace ma'aikaciya in an tashi, wuta ta tare ta cikin 'yan mintoci. Ta gefen titin Washington kuwa, ƙofarta a kulle take, don kada wata ta sulale da ƙyalle ko riga. Matakalar ƙarfe da ke manne a bayan gini, siririya ce, ta lanƙwashe da nauyin jama'a ta zubar da su. Masu tuƙa lif guda biyu, Joseph Zito da Gaspar Mortillaro, sun yi ta hawa da sauka cikin hayaƙi suna kwaso mutane har na'urar ta ƙi motsi, kuma sunayensu sun cancanci a riƙe. Da 'yan kwana-kwana suka zo, tsaninsu bai wuce hawa na shida ba. Sai 'yan mata suka riƙa faɗowa ta taga, jama'a na kallo daga titi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, waɗannan mata ba su yi shiru ba tun farko. A 1909 ma'aikatan Triangle na cikin waɗanda suka fara babban yajin aikin masu ɗinki na birnin, wanda kimanin mutum dubu ashirin suka shiga. Kamfanoni da yawa suka sasanta da ƙungiyar ƙwadago, masu Triangle suka ƙi amincewa da ita.

An gurfanar da Blanck da Harris a kotu a Disambar 1911, aka sallame su, don an kasa tabbatar da cewa sun san ƙofar a kulle take a lokacin. Daga baya aka biya diyyar dala 75 a kan kowane rai. A 1913 aka sake kama Blanck ya kulle ƙofa ana cikin aiki a wata masana'antarsa, tarar da aka ci shi dala 20 ce.

Amma jama'a ba su bar maganar ta kwanta ba. Majalisar jihar New York ta kafa kwamitin binciken masana'antu ƙarƙashin Robert Wagner da Al Smith. Cikin masu taimaka musu akwai Frances Perkins, wadda ta tsaya a titi ranar gobarar ta gani da idonta, kuma a 1933 ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin minista a Amurka, ministar ƙwadago. Ita ta riƙa jan 'yan majalisar zuwa cikin masana'antu, su ga matakala da ƙofofi da kansu. Dokoki sama da talatin suka fito: a bar ƙofa a buɗe muddin akwai mutum a ciki, ta riƙa buɗewa waje, a kwashe tarkace, a hana shan taba, a sa famfunan rufi masu fesa ruwa da kansu a dogayen benaye, a sa ƙararrawa, a riƙa atisayen fita. Maganar ƙofa ta buɗe waje kamar ƙarama ce, sai ka tuna cewa in mutum ɗari suka danno ta a firgice, na gaba ba shi da sararin jawo ta ciki.

Kulle ƙofa don tsoron sata bai ƙare a New York ba. A Satumbar 2012 gobara ta kashe sama da mutum 250 a wata masana'antar tufafi a Karachi ta Pakistan, tagogi da ƙarafa, hanyoyin fita a rufe. Bayan wata biyu, a gobarar masana'antar Tazreen kusa da Dhaka ta Bangladesh, aƙalla mutum 112 suka rasu. Mu ma Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta hana a kulle ƙofa yadda ba za a iya buɗe ta nan take daga ciki ba muddin ma'aikata na ciki. Duk da haka na shiga wuraren aiki inda ƙofar baya ke ɗauke da kwaɗo, an jibge dilolin yadi a gabanta, makulli kuma yana aljihun wanda ya tafi cin abinci.