Faɗi da Nuni a Waƙoƙin Ƙasar Zamfara

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadin 1804. Waƙoƙin wa'azi da wannan kira ya haifar, aikinsu faɗi ne ƙarara: wannan halas, wancan haram. Amma marubutansu sun lura cewa hukunci tsurarsa bai cika girgiza zuciya ba, saboda haka suka shiga siffanta ƙuncin kabari, da zafin ranar tsayuwa, da sirantar siraɗi, har mai sauraro ya ji kamar yana gani.

Makaɗan fada kuwa, tilas ce ta kai su ga nuni. Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, da Ibrahim Narambaɗa na fadar Isa, ba su da halin kama sunan ɗan sarkin da ke ja da ubangidansu, domin gobe yana iya hawa gadon. Sai a zana tafiyarsa, ko naɗin rawaninsa, ko a kamanta shi da wata dabba. Fadawa su gane, su yi dariya, shi kuwa wanda aka yi wa zambon ya rasa hujjar kai ƙara.