’Yan Lifidi: Su Waye, Kuma A Ina Za A Ga Tarihinsu?

Yaranmu da aka haifa a Agege ko Sabon Ibadan sun san samurai na Japan a fim, amma da wuya su san ’yan lifidi, wato barade masu shiga gaba a rundunonin sarakunan Hausa.

Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga a ɗinke, a sa wa doki da mahayinsa don kare kibiya. Ana haɗa shi da sulke da kwalkwali. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410) ne ya shigo da su. Illarsa nauyi: in barde ya faɗi, sai an tashe shi. Zamaninsu ya wuce da zuwan bindigogin Turawa, waɗanda suka ci Kano a 1903.

Mai zuwa ganin gida ya leƙa Gidan Makama a Kano, inda aka ajiye kayan yaƙi. A Zariya kuwa akwai ganuwa da ƙofofinta, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, sannan ’yan lifidi na fitowa a hawan Sallah. A nemi ɗan gari ya yi jagora, a tafi da yara.