Takardar kuɗin da Gordon ya sa wa hannu a Hartum

Wanda ya kai saniya kara a farkon 2023, lokacin canjin naira, ya san yadda takardar kuɗi ke kwana da daraja ta wayi gari ba mai karɓa. To, mutanen Hartum sun riga ku ganin haka.

A watan Maris na 1884 mayaƙan Mahadi Muhammad Ahmad suka yi wa birnin ƙawanya. Baitulmali ya yi ƙasa, ga sojoji na jiran albashi. Sai Gordon, Baturen Ingilan da ke riƙe da garin da sunan gwamnatin Masar, ya sa aka buga takardun kuɗi da Larabci, masu kwanan watan 25 ga Afrilu 1884. Abin da ke rubuce a jiki alkawari ne: bayan wata shida za a biya mai takarda daga baitulmalin Hartum ko na Masar. Wato dai bashi ne gwamnati ta ci a hannun 'yan kasuwa, ku da kuke ba da kaya a kan amana kun fi kowa gane wannan.

An yi su tun daga girshi 1 har girshi 5,000, kuma zanen da ke tsakiya ya bambanta daga wata zuwa wata, ko wanda bai yi karatu ba zai rarrabe. Da fari Gordon da kansa yake sa hannu ɗaya bayan ɗaya. Da aikin ya yi yawa, sai aka koma kwafar sa hannun nasa da na'ura. Nan ne masu tara tsofaffin kuɗi ke zuba ido yau: mai sa hannun alƙalami ta fi tsada. Sukan juya bayanta kuma, don wasu na ɗauke da hatimin da aka buga musu a Alƙahira.

Me ya kai su can? Ranar 26 ga Janairu 1885 Hartum ta faɗi, aka kashe Gordon, mutanen Mahadi suka ƙone takardun da suka samu. Waɗanda suka tsallaka da nasu Masar suka yi ta zarya neman a biya su.

Mulki ya koma Umdurman, a ƙetaren kogi, inda aka riƙa buga riyal na azurfa. Shi ma bai tsira ba: a zamanin Halifa Abdullahi azurfar ta dinga raguwa, jan ƙarfe na ƙaruwa, har fatake suka fi son riyal ɗin waje a kan na gida.