Tarihin Binciken Tsamin Fuskar Katalis

Katalis shi ne sinadarin da, idan ya halarci haɗuwar waɗansu sinadarai, yakan gaggauta sauyin da zai auku a tsakaninsu alhali shi kansa bai ƙare ba, kuma Berzelius, masanin ƙasar Suwidin, shi ya raɗa wa al'amarin suna a shekarar 1835. Daga cikin jinsunansa, wanda ya fi shafar rayuwar jama'a shi ne na gamin silika da alumina, domin da shi ake farfasa mai mai nauyi ya koma fetur. Asalinsa kuwa yumɓu ne, dangin farar ƙasar nan da mutanen Birnin Kano suke shafe ɗaki da ita.

Wani injiniya Bafaranshe, Eugène Houdry, shi ya tabbatar cewa yumɓun da aka wanke da ruwan asid yana wannan aiki, har aka buɗe babbar masana'anta bisa tafarkinsa a Marcus Hook ta Amurka a 1937. Sai dai an daɗe ana cin moriyar abin kafin a san hikimarsa, saboda silika ita kaɗai ba ta da wani tsami, alumina ma nata bai taka kara ya karya ba, amma da zarar an gauraya su sai tsami mai tsanani ya bayyana a fuskar ƙwayoyin. Charles Thomas ne ya kawo hujja a 1949, cewa idan zarrar alminiyam, mai hannu uku, ta zauna a gurbin ta silikon, mai hannu huɗu, giɓi yakan samu wanda furoton yake cikewa, shi kuwa furoton shi ne ainihin tsamin.

Da aka san dalili, sai aka koma ga awo, nan ne kuwa aikin ya yi daɗi. Masana biyu, Walling a 1950, da Benesi a 1956, sun riƙa ɗiga rini iri-iri a kan garin katalis suna duban inda launi ya juya, kamar yadda marinin Ƙofar Mata yake duban kumfar baba ya san rijiya ta nuna. Dabara ce mai kyau, amma tana da naƙasu, domin ba ta rarrabe tsami iri biyun da Brønsted da Lewis suka bayyana a 1923, wato mai ba da furoton da mai karɓar ilektoron. Parry ya warware wannan mushkila a 1963, yayin da ya shayar da katalis tururin firidin ya haska shi da hasken infrared, kowane iri ya nuna alamarsa daban. Daga bisani Kozo Tanabe na Jami'ar Hokkaido ta Japan ya kafa ƙa'ida a 1974 ta hasashen wane gami ne zai yi tsami, ta kuwa dace a kan 28 daga cikin 31 da aka jarraba.

A ƙasarmu, matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an gina ta da sashen farfasa mai da katalis, wanda daga ƙetare aka riƙa sayo shi, abin da ya cancanci ya dame mu ƙwarai, ganin cewa ga farar ƙasa jibge a Ƙanƙara ta Jihar Katsina. Malaman injiniyancin sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun yi shekaru suna gasa wannan ƙasa, suna rage mata alumina da asid, suna mayar da ita ziyolait, wani irin katalis na silika da alumina, sa'an nan su auna tsaminta don a san ko za ta iya aikin na ƙetare.