Zanen Aro: Rikicin 2005 da Ya Haifi Git

A farkon watan Afrilun 2005, masu rubuta zuciyar Linux suka wayi gari da labarin cewa za a karɓe musu kayan aikin da suka shekara uku suna dogaro da shi. Kamfanin BitMover na Amurka ya sanar cewa zai daina ba da manhajarsa ta BitKeeper kyauta. A lokacin Linux ta riga ta zama ginshiƙin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet, kuma ɗaruruwan mutane daga ƙasashe daban-daban ne ke aiko mata da gyare-gyare. BitKeeper ce rumbun da ake tara wannan aiki, ita ce kuma ke riƙe da lissafin wanda ya canza me, da yaushe. Kafin a kai ƙarshen makon, Linus Torvalds ya soma rubuta abin da zai maye gurbinta, ya raɗa masa suna Git. A binciken da dandalin Stack Overflow ya gudanar a 2022, sama da kashi 90 cikin 100 na masu rubuta manhaja da suka amsa sun ce da Git suke aiki.

Matsalar da ta girmi Linux

Manhaja tarin rubutu ce da ake ta gyarawa ba ƙaƙƙautawa. Wanda ke aiki shi kaɗai yana iya ajiye kwafin jiya da na shekaranjiya, ya koma musu idan gyaran yau ya ɓata wani abu. Da zarar mutum biyu sun taɓa fayil ɗaya a rana ɗaya, sai tambayoyi su taso. Gyaran wa za a ɗauka? Idan manhajar ta daina aiki, wane layi ne ya jawo, kuma wa ya rubuta shi?

Amsa ta farko da ta shahara ta fito daga Bell Labs a 1972, inda Marc Rochkind ya rubuta SCCS. Bayan shekara goma Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya fito da RCS. Duka biyun kulle suke amfani da shi: mai son gyara fayil zai kulle shi, saura su jira har ya buɗe. Idan ya tafi hutu bai buɗe ba, aiki ya tsaya. A 1986 Dick Grune, malami a Amsterdam, ya saki CVS, wadda ta bar mutane da yawa su yi gyara a lokaci guda, daga baya a haɗa. Subversion, wadda kamfanin CollabNet ya soma a 2000, ta zo ta toshe ɓarakar CVS. Sai dai dukkansu a kan uwar garke ɗaya suka rataya. Tarihin aikin yana can a tsakiya, wanda aka ba izini ne kawai ke iya rubutu a ciki, kuma idan layin sadarwa ya katse, ba abin da zai shiga.

Torvalds ya ƙi jinin CVS, bai kuma ɓoye hakan ba. Tun daga 1991, lokacin da ya fara Linux yana ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki, har zuwa 2002, ta imel ake aiko masa da faci, wato ɗan rubutun da ke cewa a cire wannan layi a saka wancan. Shi zai karanta, ya ɗora da hannunsa, ya fitar da sabon zubi. Tsarin ya yi aiki sa'ad da masu taimakon ba su da yawa. Da suka yawaita, faci suka riƙa ɓacewa a akwatin saƙonsa. Mutum zai aiko da gyara sau biyu, sau uku, bai ji amsa ba. Ƙorafi ya yi yawa, har wasu suka fara fargabar aikin zai dare gida biyu.

Shekaru uku a inuwar BitKeeper

Larry McVoy, tsohon injiniyan Sun Microsystems, shi ne ya zo da mafita. A BitKeeper kowane mai aiki yana riƙe da cikakken tarihin manhajar a kwamfutarsa. Zai yi gyaransa, ya adana, sannan wani ya janyo daga wurinsa idan ya gamsu da shi. Wannan ya dace da yadda Linux ke tafiya: Torvalds yana da 'yan amintattu, kowanne da sashen da yake kula da shi, su ma suna da nasu amintattun a ƙarƙashinsu. A watan Fabrairun 2002 Torvalds ya koma BitKeeper, aiki kuma ya yi sauri ƙwarai.

Amfaninta ya ƙara fitowa fili a watan Nuwamban 2003. Wani da ba a gano ko wane ne ba ya kutsa cikin kwafin CVS da ake ajiyewa don waɗanda ba sa amfani da BitKeeper, ya saka layi biyu. Duk wanda ya duba da gaggawa zai ɗauka binciken kuskure ne na yau da kullum. Amma a inda ya kamata a rubuta alamar daidai guda biyu, wadda ke nufin tambaya, an rubuta guda ɗaya, wadda ke nufin umarni. Da gyaran ya wuce, da kowane mai amfani da na'urar zai iya mayar da kansa mai cikakken iko a kanta. McVoy ya lura cewa kwafin ya saɓa da abin da ke cikin BitKeeper, aka cire layukan tun ba su kai ga jama'a ba.

Duk da haka, zaman bai taɓa zama na lumana ba. BitKeeper mallakin kamfani ce, ba a bayyana rubutun cikinta ba, kuma lasisin kyautar ya zo da sharaɗi: wanda ke aiki a kan wata manhaja mai gogayya da ita ba shi da izinin amfani da ita. Richard Stallman, jagoran fafutukar 'yantacciyar manhaja, ya yi ta gargaɗi a kan haka, wasu manyan masu aikin Linux kuma suka ƙi taɓa ta sam. Hujjar Torvalds ita ce zai yi aiki da kayan da ya fi inganci, ko na waye. Hujjar masu suka kuwa ita ce wadda Hausawa suka daɗe da taƙaitawa, cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Wanda ya kawo ƙarshen zaman shi ne Andrew Tridgell, ɗan Ostireliya da ya ƙirƙiro Samba da rsync. Ya so ya rubuta 'yantacciyar manhaja da za ta iya janyo tarihin Linux daga uwar garken BitKeeper. Kamar yadda ya nuna daga baya a wani taro a Canberra, abin da ya yi shi ne ya haɗa kwamfutarsa kai tsaye da uwar garken, ya rubuta kalmar neman taimako, ita kuma ta jero masa umarnin da take karɓa. Matsayinsa shi ne bai taɓa amfani da BitKeeper ba, don haka lasisinta bai hau kansa ba. McVoy ya ɗauki abin a matsayin cin amana. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne Tridgell da Torvalds ma'aikata ɗaya ce ke biyansu, wato OSDL. An yi ƙoƙarin sulhu bai yiwu ba, kuma Torvalds ya fito fili ya ɗora laifin a kan Tridgell.

Kwanakin Afrilu

Torvalds ya duba abin da ke ƙasa. Wata manhaja mai suna Monotone ta burge shi ta fuskar tsari, amma tana da nawa, shi kuwa Andrew Morton kaɗai yakan aiko masa da ɗaruruwan faci a zubi ɗaya. Idan kowanne zai ci daƙiƙa talatin, awowi za su ƙare a zaman jira. Ranar 3 ga Afrilu ya fara rubuta tasa. Ranar 7 ga wata Git ta fara adana tarihin kanta. Ranar 16 aka zuba Linux a cikinta, ranar 18 aka yi haɗin rassa na farko. A watan Yuni aka fitar da Linux 2.6.12 ta hanyarta. Sunan kalmar zagi ce a Turancin Ingila, ana faɗa wa mutum mai wuyar sha'ani, kuma Torvalds ya yi raha cewa da sunan kansa yake kiran duk abin da ya ƙirƙira.

Dabarar da ke ƙarƙashin Git ba ta da yawa. Duk abin da aka ajiye, sai a bi da shi ta wani lissafi mai suna SHA-1, wanda ke fitar da lamba mai harafi 40. Wannan lamba ita ce sunan abin. Idan aka canza ɗigo ɗaya a cikin fayil, lambar za ta canza gaba ɗaya. Kowane adani yana ɗauke da lambar fayilolinsa, da sunan mai shi, da lokaci, da kuma lambar adanin da ya gabace shi. Ta haka tarihin ya zama salsala: wanda ya taɓa kaka, dole lambar ɗa da ta jika su canza, kuma duk mai riƙe da kwafi zai gane. Da aka kutsa cikin kwamfutocin kernel.org a 2011, wannan tsari ne ya ba masu aikin natsuwa cewa ba a gurɓata rubutun Linux ba, domin dubban kwafe na hannun mutane, kuma kowanne shaida ne a kan saura.

Abin da wannan ya sauya a aikin yau da kullum ya fi bayyana a wurin neman kuskure. A ce manhaja tana aiki daidai watan jiya, yau ta lalace, kuma a tsakani an yi gyara 1000. Umarnin git bisect zai kai mai aikin tsakiyar tarihin, ya gwada, ya ce lafiya ko ba lafiya. Da wannan amsa an zubar da rabi. Sai a sake raba ragowar biyu. Gwaji goma ya isa a kama gyaran da ya jawo ɓarnar. Umarnin git blame kuma yana nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, da bayanin da ya rubuta a ranar. Buɗe sabon reshe don gwada wata dabara ba ya cin komai, domin reshe ɗan fayil ne kawai mai ɗauke da lamba ɗaya. Sannan tunda tarihin duka yana kan kwamfutar mai aiki, wanda ke Kano ko Zinder, intanet ta yanke masa da rana tsaka, zai ci gaba da adanawa da bincike, ya tura aikinsa idan layi ya dawo.

Wanda ya rene ta, da wanda ya sayar da ita

Git ta farko ba ta da daɗin amfani ko kaɗan. Ranar 26 ga Yulin 2005 Torvalds ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano, ɗan Japan da ke cikin masu aiko da gyara tun makonnin farko, shi kuma ya koma kan Linux. Hamano ya fitar da zubi na 1.0 a watan Disambar shekarar, kuma shi ne ya ci gaba da jagorancinta a shekarun da suka biyo baya. Mafi yawan abin da masu aiki ke taɓawa a yau a zamaninsa aka gina.

Ba ita kaɗai rikicin ya haifa ba. A watan Afrilun nan aka sanar da Mercurial, wadda mutane da dama suka ga ta fi sauƙin koyo, har Mozilla da Python suka ɗauke ta. Abin da ya karkatar da sikeli shi ne GitHub, wanda aka buɗe wa jama'a a Afrilun 2008. Ya mayar da aika gyara abin da ake yi da 'yan dannawa a shafin intanet, ya kuma zama wurin da masu ɗaukar ma'aikata ke duba aikin mutum. Python ta koma can a 2017. A shekarar ce Microsoft, wadda a dā take kallon Linux a matsayin abokiyar gaba, ta mayar da rubutun Windows, fayil kusan miliyan 3.5, cikin Git. A 2018 ta sayi GitHub a kan dala biliyan 7.5. BitKeeper kuwa an saki rubutunta kyauta ga kowa a 2016, lokacin da kasuwa ta riga ta watse.

Ginshiƙin Git ma tsufa ya taɓa shi. A watan Fabrairun 2017 masu bincike daga Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka nuna fayil biyu mabambanta masu lambar SHA-1 iri ɗaya, abin da aka gina tsarin a kan cewa ba zai samu ba. Nan da 'yan watanni aka ƙara wa Git hanyar gano irin wannan hari, a 2020 kuma aka shigo da SHA-256 a matsayin gwaji. Sauyin ya tafi da nawa, domin tsohuwar lambar ta shiga ko'ina: cikin bayanan gyara, cikin rahoton kurakurai, cikin wasu manhajoji da aka ɗora a kanta. Canza ginshiƙi alhali mutane na zaune a gidan shi ne aiki mafi wuya a wannan sana'a.

Tambayar da Stallman da Tridgell suka tayar ba ta mutu ba. An ƙera Git ne don kada tarihin aiki ya zauna a hannun kamfani ɗaya, amma zuwa 2023 GitHub ta ce masu amfani da ita sun kai miliyan 100. A 2019 ta taƙaita asusun masu aiki daga Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka. Waɗanda abin ya shafa ba su rasa abin da ke kan kwamfutocinsu ba, domin Git ta bar wa kowa cikakken kwafinsa. Amma tattaunawa, da rahoton kurakurai, da jerin ayyukan da ke jiran dubawa ba sa cikin Git, a rumbun kamfanin suke. Masu rubuta Linux, waɗanda suka ɗanɗana wannan a 2005, suna da kwafi a GitHub don masu son karantawa, amma ba a karɓar gyara ta can. Har yanzu ta imel ake aiko da faci, asalin ma'ajiyar kuma tana kernel.org.